Inda Firaima Ta Ƙi Zama

Shekara ashirin da biyu Rilwanu ya yi yana fentin mota a Dutsin-Ma, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa fitar da aiki daga garejinsa an dawo masa da shi ba. Shi da kansa yake faɗar haka, ko ba a tambaye shi ba. Dogon mutum ne mai saurin fushi, wanda in ya shafa bayan hannunsa a jikin mota ya ji ɗan tudu, sai ya kankare wurin ya sake daga farko, mai motar na tsaye yana ba shi haƙuri. Abokan sana'a suna kiransa Injiniya a gaban idonsa, in ya juya baya kuma su ce Sarkin Ƙorafi.

To wannan mutumin ne wata 'yar mota ta roba, wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, ta hana shi sukuni kusan wata guda a daminar bana.

Motar ta ƙanensa ce, Mutawakkil, malamin zane a wata sakandare a Kurfi, inda gidansu yake. Mutawakkil ya taso da ciwon sikila, kuma tun yana yaro hannunsa ba ya zama haka nan. Da ya girma sai ya kamu da son irin ƙananan motocin nan da ake sayowa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya zauna ya haɗa su da gam ya yi musu fenti, su fito sak na gaske. Ta ƙarshen da ya sa aka kawo masa daga Kano gingimari ce mai bodin katako, irin wadda mahaifinsu Alhaji Lado ya yi shekara talatin yana tuƙawa, yana kai hatsi da wake Kudu. Niyyarsa ya yi mata koren fenti irin na waccan, ya rubuta mata abin da ke goshin waccan, ya ba tsohon. Ya haɗa ƙashin motar da inji da bodi, saura kan motar da fenti, sai ciwo ya tashi mako biyu bayan Ƙaramar Sallah. Da aka bugo wa Rilwanu waya, cewa ya yi ciwon da aka saba ne, zai leƙo in ya gama wata bas da ke hannunsa. Bai gama bas ɗin ba aka sake bugowa, aka ce ya rasu.

Ba wannan kaɗai ke cin Rilwanu ba. Ran Sallah, da ya je gaisuwa, ya iske ƙanen nasa zaune a tabarma da tarkacen roba a gabansa, sai ya ce masa a gaban mutane, mutum da gemunsa da matarsa ya zauna yana wasan yara. Mutawakkil dariya kawai ya yi. Ita ce maganar ƙarshe mai tsawo da ta shiga tsakaninsu.

Saura kwana ashirin da shida Humaira, matar marigayin, ta fita takaba ta koma gidansu a Karofi, sai ga Gwaggo Rekiya, ƙanwar Alhaji Lado wadda ke taya ta zama, ta sauka daga mota a bakin gareji da kwali a hannu. Saƙon gajere ne. Humaira tana so kafin ta bar gidan ta miƙa wa surukinta motar nan a gama, kuma ba ta san wanda ya iya fenti ba sai Yaya Rilwanu. Gwaggo ta ƙara da nata, ta ce tun rasuwar nan Alhaji bai cika magana ba, abinci ma sai an matsa masa.

Rilwanu ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya ce aikin yini ɗaya ne. Da gaske yake kuwa, don a ganinsa wanda ya yi wa tirela fenti ba zai tsaya tunanin abin da za a iya sawa a aljihun babbar riga ba.

Washegari da hantsi ya dama firaima, wato fentin farko mai ruwan toka da ake shimfiɗawa kafin launi don launin ya samu abin kamawa. Ya tsinka ta da tina yadda ya saba, ya zuba a bindigar feshi, ya tada kwamfaresa, injin da ke ba bindigar iska. Allah ya taimake shi ya fara da ɗan tankin mai, ba da kan motar ba. Feshi biyu ya yi. Yana kallo robar ta yi laushi, ta fara yamutsewa, layukan da aka zana a jikinta suka narke suka haɗe, kafin ya kashe injin tankin ya koma kamar ganda a wuta. Ya ɗauke shi da sauri, ya manne masa a yatsa.

Ya daɗe a tsaye da abin a hannunsa. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan aiki ba. Mota in ka ɓata ta, ka kankare ka sake, ƙarfe yana jira. Wannan kuwa in ta narke ta tafi kenan, ba shagon da zai je ya sayo wata ƙofa ko wani gilashi, kuma ko da akwai, ba ita ce Mutawakkil ya riƙe ba.

Sai a lokacin ya zazzage kwalin gaba ɗaya, abin da ya kamata ya fara yi. A ƙasa, naɗe cikin tsohuwar singileti, akwai gwangwanayen feshi guda biyu na firaima ta musamman don roba, da ƙananan kwalaben launi. A cikin murfin kwalin kuma akwai rubutu da biro, irin tsararren rubutun malamin zane. A girgiza gwangwani minti biyu. A tsaya nesa taƙi ɗaya da rabi. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. Kar a fesa in hadari ya haɗo. Na biyar shi ne ya sa Rilwanu ya nemi benci ya zauna: Fentin mota yana cin roba. A gaya wa Yaya, ko da ba zai ji ba.

Ranar bai ƙara taɓa komai ba. Ya kwashe kayan ya kai gida, don ba ya son abokan gareji su ga abin da ya faru, ya share wani ɗan tebur a rumfar tsakar gida. Matarsa Talatu ta dubi tankin da ya narke, ta dubi fuskarsa, ta ga ba ranar tsokana ba ce, ta kawo masa ruwa ta wuce. Kwana biyu ya yi yana sassaƙa sabon tanki daga guntun bututun ruwa, yana gogawa da samfefa, har ya yi kusa da na asali. Ya san ba daidai ba ne, kuma ya san duk wanda ya gani ba zai gane ba sai shi.

Daga nan ya bi rubutun murfi kamar ɗalibi. Amma damina ba ta karanta rubutun kowa. Da ya fesa bodin da sassafe, bayan ruwan da aka kwana ana yi, firaimar ta bushe da wani fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Wannan ya san shi, raɓa ce da laima, ko a mota yana faruwa. Ya goge a hankali, ya jira rana ta take. Da rana ta take kuma sai tsoron narkewa ya sa ya ja da baya fiye da kima, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, bodin ya yi garas-garas kamar an watsa masa yashi. Ya sake gogewa. A karo na uku ya auna taƙi ɗaya da rabi da hannunsa, ya girgiza gwangwanin yana kallon agogon waya, ya ja feshin sau ɗaya daga hagu zuwa dama ba tare da ya tsaya ba. Bodin ya fito sumul. Rilwanu ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa Talatu an gama, saura kan mota.

A kan motar ne abin ya tsaya. Gunduwa biyar ce: rufi, bango na baya, murfin inji, da ƙofofi biyu. Ya fesa su yadda ya fesa bodin, a irin lokacin, da irin nisan. Mafi yawan wuri firaimar ta kwanta lafiya, amma a wasu wurare sai ta ja da baya tun tana ɗanya, ta tattare gefe, ta bar 'yan ramuka da wasu tabo masu zagaye inda robar ke leƙowa. Biyu a rufi, uku a murfin inji, ɗaya ko biyu a kowace ƙofa. Ya bari ta bushe ya ƙara shafi, sabon shafin ya guje wa wuraren nan kamar na farko.

Ya zargi gwangwanin, ya ce ya kwana biyu a ajiye. Ya buɗe na biyu, haka. Ya zargi kan feshin, ya cire shi ya jiƙa a tina ya tsokale da allura, haka. Ya zargi sanyi, ya tsoma gindin gwangwanin a ruwan ɗumi, ya zargi kansa, ya zargi hannunsa. Kwanaki suna tafiya, gwangwani na farko ya ƙare, na biyu in ya girgiza yana jin ya yi sauƙi. Ya zagaya masu sayar da fenti na Dutsin-Ma kaf, ba wanda ya taɓa ganin irinsa, wani ma ya tambaye shi ko maganin sauro ne. Aikin gareji ya taru, masu motoci suna kira, shi kuma yana zaune a rumfa yana hararar wata ƙofa da ba ta kai tafin hannu ba. Fushinsa ya sauka a kan kowa. Ya yi wa Talatu faɗa a kan hayaƙin girki, ya kori kaji daga tsakar gida, har ya ce akuyar maƙwabta ce ke tada ƙura a watan da ko'ina taɓo ne.

Talatu ta bar shi ya huce, sannan ta ce ita ba ta san fenti ba, amma in tuwo ya ƙi yi a tukunya ɗaya, takan gwada a wata kafin ta zagi garin. Ya yi tsaki. Bayan ta shiga ɗaki kuma ya ɗauko murfin tsohon bokiti ya yi masa feshi ɗaya. Firaimar ta kwanta a kai sumul, ba rami ba tabo.

Ashe ba gwangwani ba ne, ba iska ba ce, ba hannunsa ba ne. Laifin yana jikin motar. Ya ɗauki cikin murfin injin, ɓangaren da bai fesa ba, ya ɗiga masa ruwa. A wasu wurare ruwan ya baje, a wasu ya dunƙule ya gangare. Maiƙo ne. Abin da yake koya wa kowa a gareji tun ranar farko, cewa fenti ba ya zama a kan mai, shi ne ya manta, don bai taɓa kawowa a ransa sabuwar roba daga kwali za ta ɗauki maiƙo ba.

Wani daɗi ya kama shi, na farko tun da kwalin ya shigo gidan. Ya aika aka sayo sifirit a kemis, ya jiƙa auduga, ya bi gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya yana cire lalatacciyar firaimar, sannan ya wanke su da ruwan omo da tsohon buroshin haƙori, ya ɗauraye, ya shanya a kan faranti. Yana wankewa yana mita, yana cewa ko wane mai hannun ƙuli-ƙuli ne ya dama kayan nan, Allah kaɗai ya sani. Ya gama rufi, ya gama bango, ya gama murfin inji da ƙofar yaron mota, sifirit ya ƙare. Ƙofar direba kaɗai ta rage. Da waɗancan suka bushe ya fesa su, firaimar ta kwanta kamar ba ta taɓa gardama ba.

Saura kwana tara a lokacin. Tayoyin motar ba sa cikin kwali, Gwaggo ta ce suna cikin durowar marigayin, don haka washegari bayan azahar ya tada babur zai je Kurfi ya karɓo. Talatu ta ce ya tafi abinsa, in ta sauke girki za ta sayo sifirit ta goge masa ƙofar da ta rage, ai ta ga yadda yake yi. Ya ja mata kunne kar ta danna da ƙarfi, ya fita.

Hanyar duk kore ce, dawa ta kai kafaɗa, gero ya fara fitar da kai. Ya iso Kurfi ya gaida Alhaji Lado a zaure. Tsohon ya amsa da ka, yana jan carbi, idonsa a kan ƙofa. Rilwanu ya shige ciki, Gwaggo ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ɗakin Humaira, ita kuma tana daga ciki bayan labule, kamar yadda suka saba ko kafin takaba. Suka gaisa, ya yi mata ya haƙuri, aka miƙo tayoyin a cikin gwangwanin madara. Ta tambayi aiki. Da ma abin da yake jira kenan. Ya kwashe labarin kaf ya ba ta, ya tsallake na tanki, ya yi bayanin laima da nisa da murfin bokiti, ya ƙare da cewa ashe maiƙo ne, wani ne ya yi ta taɓa kan motar da hannun mai, amma ya wanke shi tas.

Gwaggo, da ke tsintar shinkafa a gefe, ta dakata.

"Yaya, a ina da ina maiƙon yake?" Humaira ta tambaya daga bayan labule.

Ya lissafa mata: rufi, murfin inji, ƙofofi.

"Man kaɗe ne," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Watan azumi yatsun Malam sun matsa mashi. In suka kumbura ba ya iya riƙe ko biro. Ni nike narka man kaɗe in mulke mashi su ɗaya bayan ɗaya, har su saki. Da sun saki sai ya ce in miƙo mashi kan motar. Ba ya iya haɗawa, riƙewa kawai yake yana juyawa, yana gwada ƙofa a mazauninta. Ya ce in yana kallonta ciwon yana mantawa da shi."

Rilwanu ya sunkuyar da kai. Humaira ta ci gaba.

"Babu wanda ya taɓa kayan nan bayan shi. Ni ma da tsumma na ɗauka na sa a kwali, don kar hannuna ya hau kan nashi."

Ya dubi hannuwansa a kan gwiwa. Har yanzu bakin farcensa fari ne saboda omo. Ya tuna yadda ya bi tabon nan ɗaya bayan ɗaya da buroshi, yana murna, yana zagin mai hannun. Ya tuna ran Sallah, Mutawakkil a tabarma da roba a cinya, yatsunsa suna ƙyalli, shi kuma a tsaye a kansa yana maganar gemu. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi.

"Duka ka wanke?" Humaira ta tambaya.

Nan ya tuna da ƙofar direba, ya tuna da Talatu. Ya zaro waya ya kira Talatu, aka ce a kashe take. Unguwarsu kwana biyu ba wuta. Ya kira maƙwabcinsa, yana kasuwa. Ya miƙe ko sallama bai yi da kyau ba, ya bar gwangwanin tayoyin a kan tabarma, sai da Gwaggo ta biyo shi zaure da shi.

Hadari ya riga ya haɗo daga gabas. Bai yi nisa da Kurfi ba ruwa ya sauko, mai ƙarfi, irin wanda ke sa masu babur su fake a ƙarƙashin kowace rumfa. Shi bai tsaya ba. Ruwa na dukan fuskarsa, motoci na watsa masa taɓo, yana lissafi a ransa: ta sauke girki da la'asar, ta yi sallah, kemis ɗin yana bakin layi, gogewar ba za ta ɗauke ta minti biyar ba. Duk yadda ya juya lissafin, ya makara. Ya roƙi Allah a kan abin da in da wani ya gaya masa wata guda baya zai roƙa, da ya yi masa dariya: Allah ya sa matarsa ta yi ƙiwa, ko ta manta.

Talatu ba ta da ƙiwa, kuma ba ta mantuwa. Ya iske ta a rumfa, kwalbar sifirit a buɗe, auduga a hannun dama, ƙofar a hannun hagu. Rabin ƙofar na ƙasa ya riga ya fita fes. Ta ɗago ta gan shi sharkaf, ta tsorata, ta tambaya ko lafiya. Hannu kawai ya miƙa mata.

"Na fara, sai na tsaya," in ji ta. "Dubi nan ƙarƙashin taga. Kai ka ce tabo ne. Ni kau dangwale nike gani, irin na ranar zaɓe."

Ya kai ƙofar bakin rumfa inda haske yake. Kwana goma sha wani abu yana kallon wurin nan, amma lahani yake nema, lahani kuma ya gani. Yanzu da ya karkata ta, sai ga shi: inda firaimar ta guje wa man, ta bi ta tsakanin layukan fata ta zauna, ta fitar da zanen babban yatsa, siriri, mai ɗan karkata, da layukansa suna zagaye juna. Gefe ɗaya sifirit ya ɗan lasa, sauran yana nan.

Rilwanu ya zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙun kaya, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Talatu ta rufe kwalbar, ta kai ta ɗaki, ta dawo ta zauna kusa da shi ba ta tambayi komai ba, sai da ya gaya mata da kansa.

Kwana takwas da suka rage ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya yi wa kan motar kore, shafi siriri sau uku, ya yi wa bodin ruwan katako, ya ja jan layi a gefe. Da buroshi mai gashi uku ya rubuta a goshinta abin da ke goshin motar Alhaji, Sannu Direba, sai da ya riƙe numfashi a kowane harafi. Ƙofar direba kuwa ya yi ta juyawa a ransa. Ya yi tunanin ya rufe wurin yatsan da salatif ya fenta sauran, ya ji tsoron salatif ɗin ya ɗago firaimar. Ya yi tunanin ya shafa mata banish, mai ruwan garau da ake rufe fenti da shi, ya ji tsoron ya cinye zanen. A ƙarshe ya manna ta a mazauninta yadda take, rabi toka mai ramuka, rabi tsirarar roba. Duk lokacin da ya dubi motar ta wannan gefen, mai fentin da ke cikinsa sai ya ji kamar an tsikare shi.

Ranar fitar takaba ta faɗo Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci 'yan uwa suka taru a gidan, mutanen Karofi sun zo da mota za su tafi da 'yarsu. Humaira ta fito lulluɓe, ta durƙusa a gaban Alhaji Lado a zaure, ta ajiye motar a kan buzunsa, ta ce Malam ne ya fara, ya so ya kawo da kansa. Daga nan Gwaggo ta kama ta.

Tsohon ya ajiye carbi. Ya sunkuya yana kallon motar, ya karanta goshinta da leɓe ba sauti, ya taɓa taya da ɗan yatsa ya ga tana juyawa. Mutane suka matso, ana ta ma sha Allah. Sai ya juya ta ɗaya gefen.

Kawu Almu, ƙanen Alhaji, mutumin da bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba, ya leƙo ta kafaɗar yayansa ya ce af, ga kyau har kyau, amma wane ne ya ɓata ƙofar direba haka? Ya dubi Rilwanu yana murmushi, ya ce ko dai Injiniya ya ba wani ne ya ƙarasa mashi, don shi dai ya san aiki irin wannan ba ya fita daga hannunsa.

Rilwanu ya ji idanu a kansa. Ya matso ya durƙusa kusa da mahaifinsa, ya karkata motar wajen hasken ƙofa, ya nuna wurin da farce ba tare da ya taɓa ba. Alhaji Lado ya kawo fuskarsa kusa. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga babban yatsansa kamar zai ɗora a kai, ya kai kusa, sai ya janye, ya naɗe hannun a cikin rigarsa.

"Aikina ne, Kawu," in ji Rilwanu. "Ni da ƙanena muka yi ta. Nan wurin nashi ne."